Karatun Yara a Gida Cikin Bazara: A Canza Lokaci Kafin a Zargi Yaro

Tambaya

 Ni matar aure ce a Nahuce ta ƙaramar hukumar Bunguɗu, ina da ɗiya huɗu. Saboda halin rashin tsaro da ake ciki, maigida ya ce su dakata da zuwa boko tukuna, tunda na yi sakandare in riƙa koya masu a gida. Da hunturu abin ya tafi daidai. Amma tun da bazara ta kama, da na gama aikin gida wajen sha ɗaya na shimfiɗa tabarma, sai gyangyaɗi da ƙorafi da faɗa. Babban ya daina riƙe abin da aka biya masa jiya, auta kuwa ba ta da aiki sai kuka da susa. Har na fara ɗaga masu hannu, abin da ba halina ba ne. Lalaci ne ya kama su, ko ni ce ban iya ba?

Amsa

 Allah ya saka maki da alheri, ya kawo mana ƙarshen wannan hali. Ki kwantar da hankalinki, ɗiyanki ba malalata ba ne, ke ma kin iya. Laifin na ƙarfe sha ɗaya ne.

Iyaye mata da yawa a Zamfara sun tsinci kansu inda kike. An rufe makarantu a 2020 saboda korona. A Fabrairun 2021 aka kwashi 'yan matan Jangebe, a farkon Satumbar shekarar aka kwashi ɗaliban Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar baki ɗaya. Tun daga nan tsakar gida ta zama aji a garuruwa da dama, daga Tsafe zuwa Bunguɗu, kuma kusan kowace uwa ta ɗauko lokacin boko, takwas zuwa ɗaya, ko ta jira sai ta sauke tukunya. Da sanyi hakan na yiwuwa. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, zafin Gusau da kewaye yakan kai digiri 40 a inuwa, wata ranar ya haura, alhali jikin mutum yana neman ya tsaya wajen 37. Idan iska ta fi jiki zafi, ba abin da ya rage wa jiki sai zufa. Jini ya koma wajen fata, zuciya ta ƙara bugu, ruwa da gishiri su yi ta fita. Yaro kuma ba ya lura da ƙishirwa sai ta ci ƙarfinsa. Abin da kike gani na hamma da saurin fushi, yawancinsa daga nan yake.

Sai kuma dare. Ɗakin bulo mai rufin kwano yana shan rana yini guda, ya yi ta amayo zafin har tsakar dare. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, kuma cikin barci ne abin da aka koya da rana yake zaunawa a ƙwaƙwalwa. Babbanki da ya kwana yana juyi cikin gumi, ina zai riƙe karatun jiya? Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020, kan ɗalibai kimanin miliyan 10, ya nuna cewa duk shekarar da ranakun makaranta suka fi zafi, sakamakon jarrabawa yakan ragu, musamman inda babu na'urar sanyaya aji. UNICEF ma ta ce a 2024 yanayi ya katse karatun yara aƙalla miliyan 242 a duniya, kuma zafi ne kan gaba. Saboda haka ki ajiye bulalar nan. Yaron da zafi ya dafa idan aka ƙara masa da duka, abin da zai koya kawai shi ne tsoron littafi, wannan kuwa ya fi wuyar gyara a kan rashin iya baƙi.

Maganin yana ƙofar gidanki tun kafin boko ya zo. Dubi malaman allo. Karatu bayan asuba, a tashi da hantsi. A dawo idan rana ta karya. A sake zama da dare. Ba su cika kafa karatu a tsakiyar rana ba, kuma da wannan tsari aka yi mahaddata a ƙasar nan ɗaruruwan shekaru. Ko sallar azahar, Sunna ta zo da a jinkirta ta idan zafi ya tsananta. Ni a ganina babban kuskuren da muke yi shi ne ɗaukar agogon makarantar da aka tsara a ƙasar sanyi mu ɗora wa watan Afrilu na Zamfara.

Ki mayar da babban darasi tsakanin shida da rabi zuwa takwas da rabi na safe, lokacin da gari ya fi sanyi a yini duka. Na san abin da za ki ce: shara, wanke-wanke, ɗumame, ɗibar ruwa. A nan ne sai kin zauna da maigida da sauran mutanen gida kun yi magana. Wanke-wanke zai jira ki a inuwa har goma, amma hankalin yaro na safiya ba ya jira. A ba su koko ko ɗumame tukuna, don ciki da yunwa ba ya karatu. Idan suna zuwa makarantar allo da asuba, kada ki raba su da ita. Ki karɓe su da sun dawo, kafin tara, ko ki roƙi malam ya sallame su da wuri. Sabon abu, wanda ke buƙatar tunani, irin haɗa baƙi da wasali ko lissafin aro, a yi shi a wannan zaman. Ƙananan minti 15 zuwa 20 ya ishe su a zama guda, babban ya yi 30, a tashi a sha ruwa a dawo. Awa ɗaya da rabi kullum ba fashi ta fi awa huɗu ta yau a yi gobe a fasa.

Daga sha ɗaya zuwa la'asar babu littafi. Wanka, abinci, ƙailula, wasa marar gudu a inuwa. Kada ki ga suna kwance ki ji kamar ana asarar lokaci. Barcin ranar nan shi ke biyan bashin na dare. Bayan la'asar, wajen biyar, a yi zama na biyu gajere: rubutu, da maimaita na safe, ba ƙari. Bayan isha'i kuma, a waje, sai tatsuniya da kacici-kacici da tilawa. Ki ce wa yaro ya maimaita maki tatsuniyar da Kaka ta yi daga farko zuwa ƙarshe, ki tambaye shi me ya sa Gizo ya yi kaza, me Ƙoƙi ta ce. Wannan shi ne fahimtar labari da ake jarrabawa a kansa a makaranta, kuma ba ya buƙatar fitila. A dai kakkaɓe tabarma a haska wurin kafin a zauna, domin bazara lokacin kunama ce, a kuma ɗaura gidan sauro ko a waje za a kwana.

Game da wuri, gindin darbejiya ko rumfar zana ko zauren ƙasa mai rufin soro duk sun fi ɗakin kwano marar silin nesa ba kusa ba. Ki yayyafa ruwa a ƙasa kafin ki shimfiɗa, ko na ɗaurayar kwanuka ne. Ki jiƙa tsohon zane ki rataya ta inda iska ke shigowa. A Maris da Afrilu, da yake iska busasshiya ce, za ki ji bambanci nan take. Idan hadari ya fara haɗuwa a Mayu, gari ya yi gumi, amfanin dabarar yakan ragu, sai a ƙara yawan watsa ruwa a jiki. Fanka, ko da akwai wuta ko sola, idan zafi ya kai 40 iska mai zafi kawai take hurawa, sai in an jiƙa jiki. Kaya kuwa na auduga marasa nauyi. Susar auta, in ƙananan ƙuraje ne a wuya da baya da goshi, ƙurajen zafi ne: wanka da ruwa zalla sau biyu ko uku, a bar fata ta sha iska, a daina lafta mata mai mai kauri, don toshe ƙofofin zufa yake yi.

Ruwa kada ki jira su nema. Ɗan shekara 4 zuwa 8 yana buƙatar fiye da lita 1 a yini ko ba zafi, wato ya haura ledar fiya wata biyu, babban kuma ya doshi lita 2, da bazara sai abin da ya ƙaru. Ki ajiye randa a rufe kusa da wurin karatu, da moɗa mai hannu, kowa ya sha kafin a fara da kuma duk tashi. Ki koya masu duba fitsarinsu: in ya yi fari-fari lafiya lau, in ya yi ja kuma kaɗan, ruwa ya yi ƙaranci. Kunun tsamiya, zoɓo marar yawan sukari, fura da nono, kankana, mangwaron da aka wanke, duk suna taimakawa. Jaririn da bai kai wata 6 ba dai nono kawai, a yawaita ba shi, uwar ta yawaita sha. Idan azumi ya faɗo kusa da zafi, to yaron da bai balaga ba kada a bar shi ya kai magariba don gasa da sa'o'insa.

Randar nan ma darasi ce. Ki cika ta, ki cika jarkar roba, ki ajiye su inuwa guda. Da la'asar kowa ya tsoma yatsa a duka biyun, sannan ya shafa bayan randar ya ji danshi. Ki tambaye su dalili, ki bar su su yi ta gardama kafin ki gaya masu cewa ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa ne ya tafi da zafi, yadda zufa take yi a jikinsu. Da wannan hikima wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Babbanki zai iya haɗa irinta da hannunsa, ya rubuta kwana nawa tumatirin ciki ya yi, nawa na waje ya yi. Ga kimiyya, ga lissafi, ga rubutu a zama ɗaya.

Abin da za ki koyar kuwa, kada ki bi ajin da yaro yake, ki bi abin da ya iya. Ki gwada kowannensu shi kaɗai: baƙaƙe, sai gaɓoɓi irin ba, bi, bu, sai kalma, sai gajeriyar jimla. Inda ya tsaya nan za ki fara, ko da ɗan aji biyar ne. Ki fara da Hausa, don yaro ya fi saurin koyon karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ya biyo baya. Shirin RANA da aka gudanar a makarantun Zamfara da Katsina da tallafin UNICEF a kan wannan ya ginu, kuma in kin tambayi malaman firamare na garinku, mai yiwuwa a samu mai sauran littattafansa. Lissafi a yi da tsinken tsintsiya ɗauri goma-goma, da tiyar gero, da canjin cefane. Gawayi da bango sun isa allo. Kuma don Allah a raba aikin gida da adalci. Sau da yawa sai ka ga namiji yana rubutu, 'yar'uwarsa na bakin murhu ko ta ɗauki talla cikin rana tsaka. Ita ma safiyar nan haƙƙinta ce.

Yanzu ga abin da nake so ki fi riƙewa. Yaron da ya yi laushi, yana zufa sosai, yana jiri ko ciwon kai, a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: na leda da ake samu a kemis, ko lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin. Amma in jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, ko bai gane ki ba, ko ya suma, ko ya yi jijjiga, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita ana kan hanyar asibiti, kada a ɗura masa komai a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Bazara kuma lokacin sanƙarau ce da ƙyanda. Annobar sanƙarau ta 2017 daga Zamfara ta faro, kuma nan ta fi ɓarna. Zazzaɓi farat ɗaya da matsanancin ciwon kai da amai da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗiga ga jariri, ba a kwana da su a gida ana jiƙe-jiƙe. A nufi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Bunguɗu, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko asibitin Yariman Bakura. Ki duba katin rigakafin kowannensu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i 5 na ƙwayar sanƙarau, in an zo yi a garinku kada ki bari ta wuce su. Ki kuma hana su wankan gulbi da kududdufi, komai zafi. Ruwan da ya tsaya a wannan lokaci shi ke kawo tsargiya, ban da haɗarin nutsewa.

Kada ki ɗauki nauyin nan ke kaɗai. In akwai maƙwabta biyu ko uku masu irin halinki, ku haɗa yaran a gida guda ku riƙa karɓa-karɓa, wadda ba ta yi boko ba ta riƙe tilawa da tatsuniya da randa. Maigida ko minti goma ya ba su bayan magariba, ya ce kowa ya karanta masa abin da ya rubuta. Ki je wurin shugaban makarantarsu ki sanar da shi dalilin rashin zuwansu don kada a cire sunansu daga rajista, ki karɓi jerin darussan zangon, ki tambayi ranar jarrabawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta, kuma abin da kike yi riƙon ƙwarya ne kafin hanya ta yi kyau su koma aji. Ki gwada wannan tsari mako biyu, ki sake gwada kowannensu da baƙaƙe da kalmomin da kika fara da su, sannan ki rubuto mani inda kowa ya kai.