Duhun da ke wucewa da duhun da ba ya wucewa

Magariya da Dungas gundumomi ne na jahar Damagaram, kusa da iyakar Najeriya. Da can gunduma guda ce. A shekarar 2011 aka ba Dungas tata. Amodari ya daɗe yana wahal da mutanen wannan yanki. Shi ya sa likitoci ke bin ƙauyuka da makarantu suna duba idanun yara.

Wani lokaci, ana cikin dubawa, sai yaro ya yi ihu: «Likita, ba ni gani!» Sauran yara su tsorata, wasu su gudu gida. To, me ke kawo wannan duhu?

1. Hasken tocila. In haske mai ƙarfi ya shiga ido, mutum yakan ga baƙin tabo. Kamar wanda ya fito daga rana ya shiga ɗaki ne. Bayan ƴan mintoci sai tabon ya ɓace.

2. Maganin ɗigawa. A tsakiyar baƙin ido akwai ƴar ƙofa inda haske ke shiga. A asibiti, likita yakan ɗiga magani don ta buɗe, ya hango cikin idon. Sai rubutu ya koma dishi-dishi, rana ta riƙa kashe ido. Galibi bayan awa 4 zuwa 6 gani ya dawo daidai. Wani maganin yakan kai kwanaki.

3. Man ido. Wanda aka sa wa shi yakan ga hazo-hazo na ɗan lokaci.

4. Tsoro ko yunwa. Jinin da ke zuwa kai yakan ragu, sai jiri ya kama yaro, ya ga duhu, har ya suma. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa. In ya farfaɗo sarai, a ba shi ruwa.

Amma a kula! In bayan an ɗiga magani ido ya yi ja, yana zogi, ga ciwon kai da amai, a koma wurin likita nan take. Haka ma in duhun ya ƙi wucewa.

Duhun amodari kuwa dabam yake. Ƙudaje da hannu mai dauɗa ke yaɗa shi. In ya daɗe, gashin ido yakan juya ciki, ya yi ta gogar ido har mutum ya makance. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki ƙudurin kawar da wannan makanta ta hanya 4: aikin fatar ido, shan magani, wanke fuska da tsabtace gari.

Yaron da ya guje wa likita don tsoron duhun minti 5, yana iya gamuwa da duhun da ba ya wucewa.

Tambayoyi
1. Wace shekara Dungas ta zama gunduma?
2. Don me likita ke ɗiga magani a ido?
3. Yaya za ku taimaki abokinku in ya suma?
4. Waɗanne alamu ke sa a koma asibiti nan take?

Aiki
Ku zana ido, ku nuna ƙofar da haske ke shiga.