Amsoshin Tambayoyinku: Girafik Zan Zaɓa Ko Yumɓu?

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karatun zane da ƙira a jami'a. Mun gama zangon share fage, inda muka ɗan taɓa komai: zanen fensir, fenti, rini, ginin yumɓu da aikin kwamfuta. Yanzu an ce kowa ya zaɓi fanni ɗaya. Ƙawayena duk girafik za su, wai can kuɗi yake. Ni kuwa raina na kan yumɓu, amma Baba ya ce bai biya kuɗin makaranta don in ƙare a ginin tukwane ba, kuma ba ya son harkar mutum-mutumi. Yaya zan yi? Daga wata ɗaliba, Pantami, Gombe.

Amsa: Bari mu fara da Baba, don in hankalinsa bai kwanta ba ke ma naki ba zai kwanta ba. Abu biyu ya haɗa waɗanda ba ɗaya ba ne. Sassaƙa fanni ne daban, yumɓu daban. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ba sashensu ɗaya ba: sassaƙa na tare da fenti, yumɓu kuwa na tare da girafik da yadi a sashen ƙirar masana'antu. Mai karatun yumɓu na koyon yin tayil, da farantai, da kwanon wanke hannu, da bulon da ke jure wuta, da tulun tace ruwa. Babu dole ki gina siffar mai rai. Hukuncin mutum-mutumi kuwa na malamai ne, ku je wurinsu ke da shi.

In ya ce sana'ar ƙauye ce, ki nuna masa bayan takardar naira 20. Matar nan da ke ginin tukunya Ladi Kwali ce. A gida ta koya, a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Cikin ladabi za ki nuna masa, ba da gardama ba.

Sai ke kanki. Kin ce ranki na kan yumɓu, to wane ɓangarensa? In ranar da kwano ya fito da ƙyalli kawai kike so, kowa ma na son wannan. Aikin gaske shi ne jiƙa ƙasa, a tace, a kwaɓa ta har kafaɗa ta yi tsami don kada iska ta saura a ciki. Ki gina abu da kyau, ya bushe ya tsuke, hannun kofi ya tsage daidai inda kika liƙa shi don ya riga jikin bushewa. Sannan a kwana gadin tanderu: gashin farko wajen digiri 900 zuwa 1000, na biyu mai ƙyalli kan kai 1200. Da safe a buɗe, wani lokaci rabin kayan sun lalace. In bayan irin wannan rana kin taɓa jin ƙafarki na janki ki koma ɗakin aikin, to son naki na gaske ne. Kada ki auna da maki. Makin share fage sau da yawa tsabtar aiki yake nunawa.

Ba zan ɓoye miki ba, wahalar yumɓu bayan kammala karatu take. Mai girafik da kwamfutarsa ɗaya zai zauna a shago a Pantami ya yi katin biki, allon shago da fostar 'yan siyasa, ya ci abinci a ranar. Ke sai tanderu da gas da fili. Amma ki lura da yawan masu girafik ɗin, ga yara na haɗa fosta da manhajar Canva a waya, farashi sai faɗuwa yake. Kuma manhajar CorelDRAW kina iya koyonsa a hutu a wurin masu ɗab'i, alhali haɗa ruwan ƙyalli da sarrafa wuta da wuya ki same su a wajen makaranta. Ƙasar ma ba nisa take ba, ga farar ƙasa nan a Alkaleri, kan hanyar Bauchi.

A ganina, ki ɗauki yumɓu, ki riƙe kwamfuta a gefe don tallata kayanki. Amma kafin ki cike takarda, ki shiga ɗakin 'yan ajin ƙarshe ki tambaye su: tanderun sashen na aiki? Sau nawa aka gasa kaya a zangon da ya wuce? Nawa suka kashe, kuma ina suka yi SIWES, wato horon aiki a masana'antu? In suka ce tanderun ya shekara a mace, ki sake tunani, ki duba fannin yadi, shi ma aikin hannu ne kuma Gombe ba ta rasa teloli da masu sayen rini. Allah Ya yi miki zaɓi mafi alheri.