Zuwa ga 'Yan Sarin da Suka Shigo Kasuwa Jiya Jiya

'Ya'yana,

Ina ganinku a Dawanau, waya a hannu, kuɗi a asusu, kuna yi wa mai kaya magana kamar yaronku. Ku zauna in ba ku labari.

Ina saurayi na taɓa kushe waken wani dattijo a gaban jama'a. Na damƙo tafi guda na watsar, na ce duk ƙwari ne, don kawai ya rage mini. Bai ce komai ba sai "albarka", ya ɗaure bakin buhunsa. Da maigidana ya ji, ya sa na koma da ƙafata na ba shi haƙuri. Dattijon ya ce in tsince waken tukuna. Na durƙusa na tsince, 'yan dako suna kallo. Daga ranar muka ƙulla.

A farkon 2023, lokacin da aka canza takardun naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, tiransifa tana maƙalewa, ɗan dattijon nan ne ya loda mini mota a kan magana kawai. Akwai waɗanda suka fi ni jari a wurin, suka koma hannu rabbana.

Haka kakanninmu fatake suka yi cinikin goro a Gwanja. Su sauka wurin mai masauki a Salaga, ya tsaya musu, a ba su kaya babu takarda. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga fataucin goro ya taso.

Don haka ku gaisa kafin ku yi tayi. In an ce albarka, ku ƙara ko ku wuce, ban da zagin kaya. In ranar biya ta zo ba ku da kuɗin, ku riga mai kaya kira, kada ku kashe waya. In kun tarar da matsala a buhu, ku ja shi gefe ku faɗa masa. Ɗan dako da yaron shago ma ku girmama su, domin su suka san wane buhu ne tsohon ajiya.

Ku kuma masu ba da kaya, kada ku sa mai kyau a baki, tsakuwa a gindi. Wanda ya saya zai zazzage har ƙasa.

Allah ya ba ku kasuwa mai albarka.

Naku,
Wani tsohon ɗan sari