Ta Tsaya a 62: Kafin Ka Danna Maɓallin Kashewa

Wata Asabar da hantsi, saura kwana uku a ba da hutun ƙarshen zango, wani dattijo ya shigo shagona rungume da laftof a cikin jakar leda. Shi ne jami'in jarrabawa na wata makarantar sakandare, kuma makin ɗaliban makarantar kaf yana cikinta. Bayan mun gaisa ya ajiye ta a kan tebur a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"Malam, jiya da magariba ta ce in sabunta, na ce to. Ta kai 62 ta ƙi gaba. Na je sallar isha'i na dawo, tana nan. Na ci tuwo na dawo, tana nan. Sai na kashe ta."

"Sau nawa kuka kashe ta, Baba?"

Ya ɗan yi shiru. "Uku. Na huɗun ba ni ba ne, yaron gidana ne."

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a Kano, kuma tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, irin wannan aiki ya yawaita a teburina, don kowa na son hawa Windows 11. Abin da na lura da shi shi ne, tsayawar kanta ba kasafai take lalata komai ba. Yatsan mai kwamfutar ne ke yin ɓarnar. Laftof ɗin Baba lafiyarta ƙalau a daren nan, nawa kawai take yi, domin tsohon faifan ajiya mai juyawa ne a cikinta, irin wanda ake kira HDD. Kashewar farko ba ta yi illa ba: da ya kunna, sai ta fara mayar da komai yadda yake a da. Ana cikin wannan mayarwar ya sake kashe ta, kuma a nan aka rasa tsohon Windows ba a samu sabo ba.

Me take yi a lokacin da ka ga kamar ba ta yin komai?

Ka ɗauka za a yi wa ɗakinka sabon daɓe. Sai an fara fitar da gado da akwatuna tsakar gida, a fasa tsohon, a zuba sabo, a jira ya sha iska, sannan a mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Haka Windows yake yi. Da farko yana sauke sabbin fayiloli daga intanet, ya ajiye su a wata ɓoyayyiyar folda mai suna $WINDOWS.~BT, yana duba ko na'urar za ta ɗauka. Sai ya sake kunna kansa, ya tattara tsohon tsarin ya zuba a folda mai suna Windows.old, ya shimfiɗa sabo. Daga nan ya bi kayan cikin na'urar, na sauti da na hoto da na Wi-Fi, yana haɗa kowanne da direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke yin tafinta tsakanin Windows da wannan ƙarfen. A ƙarshe ya dawo da fayilolinka da manhajojinka. Wanda ya kori leburori bayan an fasa daɓe, kaya na tsakar gida, ai ba shi da ɗakin kwana.

Lambar nan da kake kallo kuma ba agogo ba ce. Tana iya tashi daga 10 zuwa 30 cikin minti biyar, sannan ta shafe awa guda a lamba ɗaya, saboda a wannan gaɓar dubban ƙananan fayiloli ake kwashewa. Faifan SSD yakan gama cikin ƙasa da awa ɗaya. Tsohon HDD mai cike da kaya, ga RAM 4GB, yana iya kai ka tsakar dare.

Yadda za ka gane tana da rai

Ka dubi gefen laftof ɗin ko gabanta. Da yawa suna da 'yar fitila ta faifan ajiya. In tana ƙiftawa, aiki ake yi, ka bar ta. Ka kara kunnenka kusa da kibod: HDD mai aiki yana ɗan ƙaras-ƙaras, fanka kuma tana tashi tana sauka. Ka danna Caps Lock, in fitilarsa ta kunna ta mutu, na'urar tana ji. In kuma har yanzu kana cikin tsohon Windows, ba ta kai ga sake kunna kanta ba, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe ya nuna maka ko faifan yana motsi.

Ƙa'idata a shago ita ce: awa uku a lamba ɗaya, babu ƙiftawar fitila, babu motsin komai, sannan nake cewa ta maƙale. In an kai nan, sai ka zare duk abin da aka soka mata ban da caja, ka danne maɓallin kashewa kamar daƙiƙa 10, ka ɗan jira, ka kunna. Sau ɗaya tak. Za ta rubuta cewa tana warware canje-canjen da ta yi. Wannan ma yana cin lokaci, kuma shi ne wurin da bai kamata ko kusa ka taɓa ta ba. In ta kasa tashi sai ta kai ka wani shuɗin allo na gyara, a nan akwai zaɓin cire sabuntawar ƙarshe. Ka gwada shi kafin ka yi tunanin wani abu.

Abin da ke maƙale ta da gaske

In ta koma tsohon Windows, takan ba da wata lamba mai farawa da 0x. Ka ɗauki hotonta da waya. Mutane sukan rufe saƙon da sauri don Turanci ne da lambobi, alhali shi ne takardar asibitin na'urar.

Wadda na fi gani ita ce 0xC1900101, kuma kusan kullum maganar direba ce. Akwai wata laftof da ta wahalar da ni kwana biyu: sau uku tana kaiwa wuri ɗaya ta koma baya. Na duba faifai, na duba RAM, ƙalau. A rana ta biyu ina juya ta a hannu sai yatsana ya taɓo wani ɗan tsinin baƙin roba a gefe, bai kai farcen yaro ba. Ashe kan maus marar waya ne, maus ɗin kansa ya ɓace tun bara, mai ita ma ta manta da shi. Na zare shi, aiki ya wuce sumul. Tun daga ranar, kafin in fara sai na shafa gefunan na'ura da hannu: filash, katin memori, modem, wayar firinta, duk waje.

0x80070070 na nufin wuri ya ƙare. Windows 11 yana buƙatar faifai mai aƙalla 64GB, kuma lokacin sabuntawa tsoho da sabo suna zaune tare. Ni ba na farawa sai na ga sararin 30GB. Finafinai da bidiyon biki su koma wani wuri tukuna.

0xC1900208 na nufin wata manhaja ce ta tare hanya. Sau da yawa antibairos ne, musamman a na'urar da aka loda wa biyu ko uku a wurin saye, duk wa'adinsu ya ƙare, ko kuma manhajar da aka fasa aka saka ta bayan fage. A cire su gaba ɗaya, Windows yana da nasa mai gadin.

Sauran sanadin namu ne na nan gida. Yawancin laftof ɗinmu na hannu ne, batirinsu ba ya riƙe minti 20, ga wuta ana ɗaukewa ba sallama. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, zafin bazara ya zo ya same ta a kan katifa, na'urar ta kashe kanta ana tsakiyar aiki. Akwai kuma ɗan batirin cikin allon na'ura mai kama da kwabo, wanda ke riƙe kwanan wata. In ya mutu, agogo ya koma shekarun baya, saukar da fayiloli ma sai ta gagara. Data takan ƙare a hanya, tunda fayil ɗin Windows 11 ya haura 5GB. Ga filashin jabu, an rubuta 32GB a jikinsa amma cikinsa bai kai rabin haka ba, yana lalata fayil shiru.

Ga 'yan'uwana masu gyara: kada mu riƙa canki-canka. Akwai SetupDiag, wanda ke karanta bayanan da sabuntawar ta bari ya nuna inda ta faɗi, kuma fayil ɗin setuperr.log yana cikin foldar Panther. A gudanar da chkdsk da sfc /scannow, a duba lafiyar faifai da CrystalDiskInfo. In ya nuna rawaya, a kwashe kayan mai ita tun kafin a sake gwada komai, don faifai mai ciwo sabuntawa ce ke ƙarasa shi.

Kafin ka ce to

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara da kwafe abin da ba za ka iya rasawa ba zuwa filash ko wani faifai na waje, ka buɗe shi a wata na'urar ka tabbata ya kwafu. Ka sauke PC Health Check ya gaya maka ko laftof ɗinka ta cancanta: Windows 11 yana son TPM 2.0 da RAM aƙalla 4GB, kuma a ɓangaren Intel galibi daga furosesa zubi na 8 zuwa sama. Da yawan na hannun da ke kasuwanninmu zubi na 4 zuwa na 7 ne. Akwai dabarun tsallake wannan shinge, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura sabuntawa ba. Mai gyara na gari zai gaya maka haka kafin ya karɓi kuɗinka.

Ka duba ko faifanka a kulle yake da BitLocker. In haka ne, ka nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda. Wannan ya fi shafar masu na hannu, don wani lokaci mabuɗin yana asusun wanda ya fara mallakarta a wata ƙasa, kuma in ta tambaye shi babu mai gyaran da zai iya ƙirƙiro maka.

Sannan ka zaɓi lokaci. Kada ka fara ana gobe za ka miƙa aiki, kada ka fara da batir kaɗai. Ka samu inda wuta za ta zauna awa huɗu, sola ko janareta mai isasshen mai, ka ɗora ta a kan tebur, ka tafi harkarka. Bayan an gama kuma kada ka yi saurin goge Windows.old don neman wuri: kwana 10 kake da su na komawa tsohon in sabon bai yi maka ba.

In abin ya kai ga zuwa shago, ka faɗi gaskiyar sau nawa ka kashe ta, ba faɗa za a yi maka ba. Kuma duk wanda ya ce maka "sai dai fomatin" bai ko tambaye ka abin da ke ciki ba, ka ɗauki kayanka ka ƙara gaba. Garin gyaran gira ake rasa ido. Na Baba, faifan na ciro na saka a wani gida na waje, na kwashe makin ɗalibansa tsaf, sannan na ɗora sabon Windows. Ya samu sakamakonsa ranar Litinin da yamma, bayan kwana biyu na zullumi da bai kamata ya sha ba. Na ba shi shawarar sayen SSD, ya ce sai an yi albashi.

Bayan wasu watanni, wajen ƙarfe goma na dare, sai ga wayarsa.

"Malam, ka yi haƙuri da kiran dare. Ta sake. Tana 35, awa ɗaya ke nan."

"Kun kwafe makin, Baba?"

"Yana filash, filash ɗin yana aljihuna."

"Fitilar gefen nan fa, tana ƙiftawa?"

Na ji motsinsa yana leƙawa. "Tana yi."

"To ku bar ta a caji ku je ku kwanta."

Da asuba na tarar da saƙonsa: ta gama.