Fara Da Muryoyi Huɗu, Ɗana

Ɗana, na ji daɗi da labari ya iso mini cewa hankalinka ya karkata ga kiɗan ciftun, irin wanda ake ji a tsofaffin na'urorin wasan bidiyo, har kana son koyon rubuta shi da manhajar tiraka. Sana'a ce mai kyau ga mai haƙuri. Ba ta neman situdiyo ko kwamfuta mai tsada, tsohuwar da ke ajiye a gida ma ta wadatar. Abin da za ta nema a wurinka shi ne ka yarda da ƙarancin kayan aiki, ka zauna a cikinsa har ya koya maka aiki. A kan wannan nake so in ja hankalinka tun kafin ka sauke manhaja ko ɗaya.

Ka fara sanin inda abin ya samo asali, don wanda bai san tushen sana'a ba yakan raina ƙa'idojinta. Na'urorin wasa na farkon shekarun 1980 ba su da wurin ajiye waƙar da aka ɗauka a faifai. Kowace tana da 'yar ƙwayar lantarki mai fitar da sauti da kanta, mai tsara kiɗa kuwa sai dai ya rubuta mata umarni. Kwamfutar Commodore 64, wadda ta fito a 1982, ƙwayarta mai suna SID muryoyi uku kacal take iya fitarwa a lokaci guda. Famicom ta kamfanin Nintendo, da ta fito a Japan a 1983, wadda Amurka da Turai suka sani da NES, tana da biyar: biyu masu kaifi, ɗaya mai taushi da ta dace da kaurin kiɗa, ɗaya ta hayaniya, sai ɗaya ta gajeren sautin da aka ɗauka. A kan wannan ƙwaya Koji Kondo ya tsara kiɗan Super Mario Bros. a 1985, wanda har yau da an kunna shi sai ka ga mutane sun gane. A Ingila kuma, a shekarar dai, Rob Hubbard ya sa muryoyi ukun Commodore 64 suka cika kunne a wasan Monty on the Run, har mai sauraro ya rasa yadda aka yi. Game Boy, da ta zo a 1989, muryoyi huɗu gare ta.

Ita kuwa tiraka, wani Bajamushe ne mai suna Karsten Obarski ya ƙirƙiro ta a 1987, da manhajarsa Ultimate Soundtracker ta kwamfutar Amiga. Muryoyi huɗu ya samu, kowace tana kunna gutsuren sauti. Matasa suka ɗauki tsarin suka yi ta gyara shi: NoiseTracker a 1989, ProTracker a 1990, sannan Scream Tracker 3 daga Finlan da FastTracker 2 daga Suwidin a 1994, sai Impulse Tracker na Jeffrey Lim daga Ostireliya a 1995. Abin da ya fara a ɗakunan kwanan samari ya kai har manyan wasanni irin su Unreal na 1998 da Deus Ex na 2000 suka yi kiɗansu da tiraka. Al'adar da ta rene shi, ta masu gasar nuna gwaninta da kwamfuta, Finlan ta sa ta cikin jerin al'adunta na gado a 2020, Jamus ta bi sahu a 2021. Ka ga ashe ba wasan yara ka ɗauko ba.

Duk waɗannan mutane ƙunci ne ya fito da basirarsu. Ka tuna marigayi Dan Maraya Jos: tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, amma ya san ta ciki da waje, shi ya sa bai buƙaci ta biyu ba. Manhajojin yanzu za su ba ka muryoyi talatin, har ma fiye. Kada ka karɓa tukuna. Wanda ya fara da talatin yakan ɓoye raunin waƙarsa a cikin tarin sauti, wanda kuwa ya fara da huɗu ba shi da maɓoya. In zaren waƙar bai yi daɗi ba, nan take kunnensa zai faɗa masa.

Sai batun kayan aiki. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa, taura biyu ba ta taunuwa. In sha'awarka salon Amiga ne da gutsuren sauti, ga MilkyTracker, wadda aka gina a kan fasalin FastTracker 2, ko OpenMPT ga mai Windows. In sautin Nintendo kake so, ga FamiTracker. Da ita Jake Kaufman ya rubuta kiɗan wasan Shovel Knight na 2014. Furnace kuma tana kwaikwayon ƙwayoyin sauti masu yawa a wuri guda. Duk waɗannan kyauta ne. Masu son Game Boy sukan nufi LSDj, wadda Johan Kotlinski na Suwidin ya fitar a 2000, tana aiki a kan na'urar kanta ko a manhajar da ke kwaikwayonta. In waya kawai ke hannunka, SunVox tana tafiya a Android. Kowace ka ɗauka, ka ba ta watanni kafin ka leƙa wata. Mai tsalle daga manhaja zuwa manhaja yakan ƙare da sanin inda maɓallai suke, ba tare da ya gama waƙa ko ɗaya ba.

Ranar farko da ka buɗe tiraka, kada tarin lambobi su firgita ka. Lokaci a nan daga sama yake gangarowa ƙasa. Kowane ginshiƙi murya ɗaya ce, kowane layi ɗan taƙin lokaci ne. A kowane gurbi za ka rubuta sautin da kake so, misali C-4, sai lambar kayan kiɗan da zai fitar da shi, sai umarnin da zai sarrafa shi. Wasu manhajojin suna da gurbin ƙarfin murya daban. Madannan kwamfutarka su ne fiyano: jerin da ya fara daga Z na ƙasa-ƙasa ne, wanda ya fara daga Q na sama. Shafi ɗaya a tsarin gargajiya layi 64 ne, kuma a saurin da aka saba farawa da shi, wato 125 da 6, layi huɗu ne bugu ɗaya, shafin duka kuma bai kai daƙiƙa takwas ba. Ana jera shafuka bi da bi su zama waƙa, shafi ɗaya yana iya maimaituwa sau da yawa.

Abin da ke fara rikita sabon shiga shi ne ƙirge. Tiraka da goma sha shida take ƙirga: bayan 9 sai A, B, C, D, E, F, sannan 10. Ke nan in ka ga 10, goma sha shida ake nufi, 20 talatin da biyu ne, 40 sittin da huɗu. Kada ka zauna haddar jadawali. Ka riƙe waɗannan ukun, sauran hannunka zai saba da su.

Ga yadda nake so ka bi waƙarka ta farko. Ka fara da ganga a muryar hayaniya, bugu mai sauƙi wanda za ka iya tafa hannu a kansa. Ka sa kauri a murya ta biyu, sautuka biyu ko uku suna zagayawa. Sannan ka rera zaren waƙar da bakinka kafin ka taɓa madannai. Abin da baki ya kasa rerawa da wuya ya zauna a kunnen wani. In kana tsoron sautuka su yi karo, ka tsaya a kan biyar: C, D, E, G, A. Kunnenka ya saba da irin wannan tsari tun daga gida, kuma da wuya su yi faɗa da juna. Murya ta huɗu ka bar ta a buɗe tukuna. Za ka yi mamakin yadda shiru ke gyara kiɗa.

Umarnin sarrafa sauti suna da yawa, amma kaɗan za su riƙe ka tsawon lokaci. Mafi girmansu shi ne wanda ke farawa da sifili. Tunda murya ɗaya ba ta iya fitar da sautuka uku tare, sai magabatan wannan fanni suka sa ta riƙa tsalle a tsakaninsu da saurin da kunne zai ji kamar a haɗe suke. In ka rubuta 047 a gaban sauti, muryar za ta riƙa zagaya shi da wanda ke taki huɗu a samansa da wanda ke taki bakwai, sai ka ji haɗi mai fara'a. In ka rubuta 037, sai haɗin ya koma mai sanyin jiki. Wannan kaɗawar mai kama da ƙarar tsohuwar waya ita ce tambarin ciftun, kuma rashi ne ya haife ta. Bayanta ka koyi 1 da 2, masu jan sauti sama ko ƙasa. 3, mai zamewa daga wani sauti zuwa wani ba tare da yankewa ba. 4, mai sa murya rawa. Da F, mai canza sauri. Ka yi hattara da na rawar murya. Sabon hannu yakan zuba shi ko'ina har waƙa ta zama kamar mai jin sanyi. Ka ajiye shi ga dogayen sautuka, can wajen ƙarshensu.

Da ka saba da waɗannan, sai dabarun tattali. Ka kwafi zaren waƙarka zuwa muryar da ka bari a buɗe, ka jinkirta shi da layi biyu ko uku, ka rage masa ƙarfi: ga amsa-kuwwa ta samu ba tare da wata na'ura ba. Ka ɗauki sauti na sama ka jawo shi ƙasa da sauri, sai ya zama bugun babbar ganga. Ka sa ganga da kauri su yi karɓa-karɓa a ginshiƙi ɗaya, wannan ya buga, wancan ya shigo a layin da ke biye, kamar yadda masu Commodore 64 suka riƙa yi don dole. Muryoyin nan masu kaifi kuma ana iya sirantar da su ko a kaurara su, kuma canza wannan a tsakiyar waƙa yana sa a ji kamar sabon kayan kiɗa ne ya shigo.

Yanzu ga babbar ni'imar wannan fanni, wadda masu koyon sauran nau'o'in kiɗa ba su samu ba. Waƙar da ka ji a rediyo a rufe take, sai dai ka yi hasashen yadda aka haɗa ta. Fayil ɗin tiraka kuwa, MOD ne ko XM ko S3M ko IT, a buɗe yake. Kana loda shi za ka ga kowane sauti da kowane umarni a inda mai shi ya ajiye. Rumbun The Mod Archive, wanda ke nan tun 1996, cike yake da dubban irinsu, kuma da yawa ƙanana ne ƙwarai, ba za su ci maka data ba. Ka zaɓi waƙa ɗaya da ta burge ka, ka kashe duk muryoyin ka bar ɗaya, ka saurare ta daga farko har ƙarshe, sannan ka koma ta gaba. Inda ka ji wani abu ya ba ka mamaki, ka tsaya, ka karanta lambobin, ka gwada su a naka shafin. Ka duba har jerin sunayen gutsuren sauti, don a nan tsofaffin makaɗan ke rubuta gaisuwa ga abokansu da bayanin ranar da suka gama aiki. Yini ɗaya a cikin fayil ɗin gwani ya fi mako kana kallon bidiyon koyarwa.

Amma buɗe ƙofa amana ce. Dabara ta kowa ce, ka ɗauka; zaren waƙar mutum nasa ne, kada ka sa sunanka a kai. In ka ari gutsuren sauti daga fayil ɗin wani, ka rubuta inda ka samo shi. In kuma waƙar wani ka sake bugawa don koyo, ka faɗa a fili. Jama'ar wannan fanni ba su da yawa, kunnensu kuma yana da tsini, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ka kuma riƙa gamawa. Cutar da ta fi kama masu koyo ita ce su tara shafi ɗaya mai daɗi, su yi ta juya shi har ya gundure su, su watsar su buɗe sabo. Shafuka huɗu sun kai rabin minti, kuma rabin minti mai farko da tsakiya da ƙarshe waƙa ce cikakkiya. Ka gama ta ko da ba ta yi maka yadda kake so ba, ka sa mata suna, ka wuce. Ta goma za ta fi ta farko nesa ba kusa ba, amma ba za ka kai ta goman ba sai ka rufe tara. Masu wannan sana'a har gasa suke shiryawa ta rubuta waƙa cikin sa'a guda, don su horar da kansu barin jinkiri. In ka samu irinta ka shiga, ba don ka ci ba. Wanda ya gyara maka kuskure kuma ka gode masa, ko da maganarsa ta yi ɗaci.

Saura 'yan abubuwan kula da kai. Sautin ciftun yana da kaifi, yana gajiyar da kunne fiye da yadda za ka zata, saboda haka ka rage ƙara, musamman in abin sauraro yana kunnenka, ka kuma riƙa hutawa. Ka riƙa adana aikinka a kai a kai da sabon suna, don ɗaukewar wuta ba ta sallama. Tiraka tana cinye dare ba ka sani ba. Ka yanka mata lokacinta, kada ta shiga na sallarka, ko na karatunka, ko na aiken mahaifiyarka.

A makon nan ka sauke manhaja ɗaya, ka buɗe fayil uku na gwanaye ka bi su murya bayan murya, sannan ka rubuta shafuka huɗu naka. In ka gama ka turo mini, ko yaya suka kasance, mu saurara tare in nuna maka inda za ka ƙara. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa hannunka basira.