Goribar Gulbin Kaba Haƙƙinku Ce

Manoma da makiyayan Tasawa da Mayahi, ku saurara. Goribar da ke kwarin Gulbin Kaba ita ke ba matanku kabar saƙa tabarma da igiya, ita ke tare iskar da ke binne shuka da rairayi a farkon damina. Wanda ya sare ta da ranta, cin ƴaƴanku ya taɓa. Doka kuwa ta san da haka.

Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummu, ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita, ta ce a sashi na 24 kowace al'umma na da haƙƙin zama a muhalli mai kyau. Da wannan sashi aka kai ƙarar gwamnatin Najeriya saboda man da ya lalata ƙasar Ogoni, kuma a 2001 hukumar Afirka mai kula da haƙƙin ɗan Adam ta ce an tauye haƙƙin mutanen Ogoni. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta tabbatar da wannan haƙƙi ga kowa.

Amma takarda ba ta tsare itace. A da, iccen da ya tsiro a gonar mutum na hukuma ne, ƴan gandun daji na cin tarar mai gona in ya rage reshe. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Sai manoma suka riƙa tumɓuke toho tun yana ƙarami. Daga 1984, nan jihar Maradi, aka soma sassaben zamani: a bar kututture ya tofo, a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi, a datse sauran. Da manomi ya tabbata gawon gonarsa nasa ne, ƙasa ta farfaɗo, har ana ƙiyasta hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince wa manomi da mallakar iccen da ya rena.

Saura goribar fili, wadda kowa ke ci, ba mai tsaro. In kun ga ana sara, ko gona ta cinye burtali, kada ku ɗauki gatari ko sanda. Ku je wurin maigari da kwamitin filaye, wato Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta tanada. Ku tafi da shaidu, mata masu saƙa a cikinsu, ku nemi a rubuta ƙarar, a ba ku takarda.