Lalacewar Bayanai a Rumbun da Jama'a ke Tarayya a Kansa

Makarantu da ɗakunan bincike da dama suna adana sakamakon jarrabawa ko bayanan gwaje-gwaje a rumbun bayanai na Microsoft Access, wanda ya fito a shekarar 1992. Akan ajiye fayil guda a kwamfuta ɗaya, sauran kwamfutoci su riƙa buɗe shi ta hanyar haɗin da ke tsakaninsu. Wata rana sai a tarar layin wani ɗalibi ya rikiɗe zuwa baƙaƙe marasa ma'ana, ko alamar #Deleted ta maye gurbin makinsa. Me ke haddasa wannan?

Tushen matsalar

A irin wannan tsari babu wata manhaja a tsakiya da ke karɓar rubutu a madadin kowa. Kowace kwamfuta ita ke rubutu kai tsaye a cikin fayil ɗin. Shi kuwa fayil an kasa shi ne shafi-shafi, kowane shafi kilobayit 4 tun daga Access 2000. Gyara layi ɗaya yakan taɓa shafuka da yawa: na layin kansa, na fihirisa, da na dogon rubutu, wanda akan ajiye daban. Idan wuta ta ɗauke ko haɗi ya katse ana tsakiyar rubutu, sai wani shafi ya sami sabon bayani, wani ya zauna da tsohon. Daga nan shafukan sun saɓa wa juna ke nan.

Matakan gyara

1. Kowa ya rufe rumbun. Yayin da ake aiki, Access na buɗe ƙaramin fayil mai ƙarshen .ldb ko .laccdb, inda yake rubuta sunayen kwamfutocin da ke ciki. Idan kowa ya fita amma fayil ɗin bai ɓace ba, mai yiwuwa wata kwamfuta ta fita ba bisa ƙa'ida ba.

2. A kwafi fayil ɗin kafin a taɓa komai. Duk gyara a kan kwafin za a yi shi, domin gyaran kansa yana iya zubar da layukan da suka lalace.

3. A ɗora kwafin a kwamfuta ɗaya, a yi amfani da umarnin Compact and Repair. Idan wani abu ya gagara, Access kan rubuta shi a jadawalin da ake kira MSysCompactError.

4. A ƙidaya layukan kowane jadawali, a gwada da tsohon kwafi. Rumbu na iya buɗewa lafiya alhali wasu layuka sun salwanta.

5. Idan hakan bai yi ba, a buɗe sabon rumbu, a kwashe jadawalan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi shiga, shi ne mai cutar. A kwashe lafiyayyun layukansa, a sake rubuta gurɓatattun daga takarda.

Rigakafi

Likitan da ya kwantar da zazzaɓi bai nemi ƙwayar cutar ba, bai gama aiki ba. A rubuta ranar da kowace lalacewa ta auku, da kwamfutocin da ke ciki a lokacin. Sunan da ya yawaita fitowa, a binciki kebul ɗinsa. A raba rumbun biyu: jadawalai a wuri ɗaya, sannan kowane ma'aikaci ya riƙe nasa kwafin fom-fom a kwamfutarsa. A fifita kebul a kan haɗi mara waya, a sa wa kwamfutoci na'urar UPS, a kuma kwafi rumbun kullum zuwa wata ma'ajiya daban. Iyakar girman fayil gigabayit 2 ne. Idan an doshi nan, ko ma'aikata sun yawaita, lokaci ya yi da za a koma ga irin su PostgreSQL ko SQL Server.

Tambayoyi

1. Me ya sa katsewar wuta a kwamfuta ɗaya ke iya ɓata aikin kowa?
2. Don me ake ƙidaya layuka bayan gyara?